Astana a ƙarshen Janairu da jakar goyo: mai yiwuwa ne ko ganganci?

Sadiq_Konya:
Assalamu alaikum jama'a. Hutun tsakiyar zango ya matso a nan Turkiyya, na kuma ga tikitin Istanbul zuwa Astana, babban birnin Kazakistan, ya yi sauƙi sosai a ƙarshen Janairu. Niyyata in tafi ni kaɗai da jakar goyo, in sauka a masaukin nan mai arha na gado bisa gado, in zaga gari da ƙafa don kada tasi ta cinye min guzuri, daga nan in bi jirgin ƙasa zuwa Almati, tsohon babban birninsu. Abokin zamana ya ce ganganci ne. Ni kuwa gani nake sanyin Konya ma ba na wasa ba ne, kuma ga mu nan da ranmu. Wanda ya san Kazakistan ya taimaka min da shawara.

Ɗan_Fagge:
Ka tambayi kanka abin da ya sa tikitin ya yi sauƙi. Araha ba ta ado, ɗan'uwa.

Nura_Astana:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. A nan nake karatu, bari in faɗa maka yadda abin yake. Zuwa dai za ka iya zuwa. Mutum sama da miliyan ɗaya ne a garin, kuma kowa na fita neman abincinsa kullum. Amma ka cire Konya daga lissafi. Matsakaicin sanyin Janairu a Konya wajen sifili yake, a nan kuwa digiri 14 zuwa 15 ne ƙasa da sifili. Matsakaici fa na ce. In iskar Saiberiya ta gangaro, sai a kwana biyu ana 30 ko 35 ƙasa da sifili. Firizar da ake daskarar da nama a gida 18 take ƙasa da sifili, sai ka auna da kanka.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne yawon ƙafar nan. Garin a tsakiyar fili fetal yake, ba dutse ba tudu da zai tare iska. Sabon ɓangaren kuma, wanda ke hagun kogin Ishim, inda duk gine-ginen da kake gani a hoto suke, an shata shi ne da manyan tituna da filaye masu faɗi. A taswira sai ka ga gini biyu kamar maƙwabta, ka fara tafiya ka ga ba ka isa ba. Daga babbar kasuwar Khan Shatyr zuwa fadar shugaban ƙasa, Ak Orda, layi ɗaya ne miƙaƙƙe da ya haura kilomita 2, kuma iska na bin sa tamkar don ita aka yi shi. Da bazara wurin shan iska ne. A Janairu in ka ga mutum yana tafe a wurin a hankali yana ɗaukar hoto, to baƙo ne.

Baban_Khairat:
To ai ni na zaci Mosko ce ta fi kowane babban birni sanyi. Abin da muka taso muna ji ke nan.

Injiniya_Bashir:
A'a Baban Khairat, Mosko ba ta kama ƙafarsu ba. Ulan Bato ta Mongoliya ce ta ɗaya, Astana ta biyu. Kafin a mayar da gwamnati Astana, Ottawa ta Kanada ake bai wa matsayi na biyun. Mafi tsananin sanyin da aka taɓa aunawa a garin shi ne 51.6 ƙasa da sifili, a Janairun 1893, lokacin yana ƙaramin gari ana ce masa Akmolinsk.

Baban_Khairat:
Ikon Allah. To me ya kai su ga kafa hedikwata a irin wannan wuri, ga Almati da aka ce ta fi dama?

Injiniya_Bashir:
Shugabansu na farko, Nursultan Nazarbayev, shi ya matsa. A Disambar 1997 aka tashi daga Almati. Dalilan da gwamnati ta bayar su ne Almati na kan yankin girgizar ƙasa, duwatsu sun matse ta ba ta da wurin faɗaɗa, ga ta can a kusurwa daf da iyaka. Dalilin da masu sharhi suka fi nanatawa kuwa shi ne arewacin ƙasar cike yake da Rashawa a lokacin, ana so gwamnati ta je ta zauna a can Kazakawa su biyo ta. Sunan garin ma bai zauna wuri ɗaya ba: a 1961 ya koma Tselinograd, zamanin da shugaban Tarayyar Sobiyet Khrushchev ya tura dubban mutane su nome filayen nan alkama, a 1992 Akmola, a 1998 Astana, a 2019 Nur-Sultan, a 2022 aka dawo da Astana. Shi ya sa Sadiq zai ga NQZ a tikitinsa, lambar filin jirgin ce tun lokacin da ake ce wa garin Nur-Sultan, kada ya ɗauka wani garin za a kai shi.

Issoufou_Damagaram:
Ku kuna ta maganar sanyi, ni tambayata takarda ce. Da wane fasfo za ka shiga?

Sadiq_Konya:
Na Najeriya, Malam Issoufou. Ina da katin zama na ɗalibi a nan Turkiyya.

Nura_Astana:
Katin zaman Turkiyya ba zai shigar da kai ba. Turkawa suna shiga ba biza, mu kam sai da ita. Kuma ko ta intanet za ka nema, sai wani a cikin ƙasar ya yi maka takardar gayyata, galibi kamfanin yawon buɗe ido, sannan ka cike da lambar da suka ba ka. Wannan ka fara da shi kafin tikiti. Bayan ka iso, masaukinka ne ke da alhakin sanar da hukumar shige da fice cikin kwana uku na aiki. Ka tambaye su baki da baki ko sun yi, musamman ƙananan masaukai irin wanda kake nufi.

Maman_Ilham:
Sadiq ƙanena, ni a Kanada nake, irin sanyin nan mun san shi. Kayan da kake sawa a Konya ajiye su. Ba kauri ake nema ba, hawa-hawa ake sawa. Ta jikin fata ta zama ta ulu ko irin yadin 'yan wasa mai tsotse gumi, ban da auduga, don auduga in ta jiƙe da zufa ita za ta sanyaya ka. Sai suwaita a kai, sai babbar riga mai gashin agwagwa a ciki wadda ta sauko har cinya, mai hula. Wando biyu dole. Jins shi kaɗai ba komai ba ne a wannan sanyi.

Takalmi shi ne inda samari ke yin rowa su sha wuya. Kambas ba zai yi ba ko safa nawa ka jera. Ka nemi but mai gashi a ciki, mai kaurin ƙasa, ya ɗan fi ƙafarka girma don yatsu su samu wurin motsi. Matsattsen takalmi shi ke fara kashe yatsu. Safar hannu kuma wadda ta haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rabe-rabe ɗumi. Ka tafi da man kaɗanya ko basilin, fatarmu tsagewa take yi, leɓe har jini.

Sannan jakar goyon. Duk kayan nan a jikinka za su kasance, ba a jaka ba, saboda haka ba ka bukatar ƙatuwa. Ka bar ta a masauki ka fita da 'yar ƙarama.

Ɗan_Fagge:
Hajiya, in ya sayi duk wannan ai kuɗin da ya rage a tikiti ya tafi, har da ciko.

Maman_Ilham:
Shi ya sa ake lissafi tun a gida. Akwai gwanjo a ko'ina, ba sai sabo ba.

Dakta_Hauwa:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Lambar da waya ke nuna maka ba ita ce jikinka ke ji ba, sai an haɗa da ƙarfin iska. In haɗin ya kai wajen 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. In ya wuce 40, minti 5 zuwa 10 ne. Hanci, kunne, kumatu da yatsu su ke fara tafiya. Matsalar ita ce ba ciwo yake yi ba, wurin mutuwa yake yi ka daina jin sa, sai ka ɗauka ma ka saba. Littattafai suna cewa fata za ta yi fari, amma a baƙar fata sau da yawa toka-toka take yi, ba kowa zai lura ba. In ya faru, a shiga ɗaki, a sa wurin a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Kada a murza, kada a goga ƙanƙara, kada a kanga a jikin hita.

Abu na biyu, kuma shi ya sa na yi magana: Sadiq, ka san rukunin jininka? Mai sikila sanyi na tayar masa da ciwo, haka ma ƙarancin ruwa a jiki, kuma a sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa. Mai asma shi ma busasshiyar iskar nan tana shaƙe shi. In kana da ɗaya daga ciki, ni ban ba ka shawarar tafiyar nan ba.

Sadiq_Konya:
AA ne Dakta, alhamdu lillahi, ba ni da asma. Na gode ƙwarai.

Baban_Khairat:
Ni wata tambaya ke cina. In aka ɗauke wuta cikin dare a irin wannan gari fa?

Nura_Astana:
Ɗumin ɗaki ba da lantarki ake yin sa ba, Baba. Manyan tashoshi ne ke dafa ruwa, a turo shi ta bututu zuwa kowane bene, ya zaga cikin ƙarafunan da ke ƙarƙashin taga. Cikin ɗaki har singileti ake zama, wani lokaci sai an buɗe taga. Shekara da shekaru kwal suke ƙonawa, shi ya sa ranar da iska ta kwanta sai hayaƙi ya rufe tsofaffin unguwanni, ko da yake an jawo bututun gas yanzu ana ta sauyawa. Amma tambayarka ba ta banza ba ce. A ƙarshen Nuwambar 2022 tashar garin Ekibastuz ta samu matsala ana cikin sanyin wajen 30 ƙasa da sifili, gidaje da yawa suka kwana da kwanaki ba ɗumi, bututu suka fashe. Abin ya girgiza ƙasar sosai.

Malam Sadiq, ga yadda 'yan gari ke yi, kai ma haka za ka yi: daga ɗumi a fita, a faɗa ɗumi. Ka sauke manhajar taswira ta 2GIS a wayarka, tana aiki ba intanet, tana nuna maka lambar bas har da ƙofar da za ka shiga gini. Wasu tashoshin bas ɗakunan gilashi ne masu hita. Tasi kuma ta manhajar Yandex Go ake kira, sai dai farashi na hawa ranar da sanyi ya tsananta, don kowa ita yake nema. Waya ka sa ta a aljihun ciki, jikin ƙirji, in ba haka ba batir yana rabi za ta mutu a hannunka. Ka riƙe tsabar kuɗinsu, tenge, domin 'yan ƙasa da manhajar Kaspi suke biyan kusan komai, kai kuwa ba ka da ita.

Rana na fitowa wajen ƙarfe 8, ta faɗi wajen 5 na yamma. Wuri biyu ko uku a yini ya ishe ka. Hasumiyar Bayterek a hau ta da rana tsaka in gari ya washe. Ɗakin kallon yana mita 97, don tunawa da 1997, daga can za ka ga inda gari ya yanke fili ya ci gaba fari fat har iyakar gani. Khan Shatyr kuwa tanti ne mai tsayin mita 150, Norman Foster ya zana shi, aka buɗe a 2010. Kasuwar zamani ce kawai a ciki, amma a nan za ka gane garin: iyaye sun kawo yara suna guje-guje ba rigar sanyi, a saman bene har da wurin wanka mai yashi. Gidan tarihi na ƙasa ma zai ci maka rabin yini cikin ɗumi.

Zainab_Ankara:
Ni na je da ƙawata 'yar can, amma a watan Disamba. Gaskiya sabon garin bai burge ni ba, kamar an jera kayan ado ne ba mutane. Tsohon ɓangaren da ke dama da kogi ya fi min rai: gidajen zamanin Sobiyet, kasuwa, ƙananan gidajen abinci da za ka ɗauki tire ka nuna abin da kake so. Can ne abinci ke da arha, kuma can tafiyar ƙafa ke yiwuwa don gine-ginen sun matsu, kana iya faɗawa shago ka ji ɗumi. Kogin ya daskare har mutane na takawa su tsallaka, wasu sun huda ƙanƙara sun zauna cikin 'yar leda suna kamun kifi. Sadiq, ka nemi masauki a can, ba kusa da Bayterek ba.

Ka kuma shirya wa kallo. Ba na ƙiyayya ba ne yawanci, amma za a nemi hoto da kai har ka gaji. Da na yi sallama wata tsohuwa ta gane Musulma ce ni, sai da ta cika min jaka da soyayyen fulawarsu, baursak.

Baban_Khairat:
Abincin fa? Na ji an ce doki suke ci.

Zainab_Ankara:
Suna ci sosai, shi ne naman girmamawa a wurinsu, lokacin sanyi ma ake yanka shi a ajiye. Beshbarmak da ake yi wa baƙo sau da yawa da shi ake yi, akwai kuma kazy, naman haƙarƙarin doki da ake ɗurawa a hanji. Amma akwai rago da saniya ko'ina. Lagman, shinkafar plov, samsa, duk za ka samu. Tambaya kawai za ka yi.

Alaramma_Tukur:
To a yi hattara. Mu Malikawa ne, kuma a Risala an haɗa naman doki da na alfadari da na jakin gida a hani, an kafa hujja da aya ta 8 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ambace su don hawa da ado. Wanda ya tashi a kan wannan kada ya je baƙunta ya watsar.

Abu_Sumayya:
Allah gafarta Malam, a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Hadisin Asma'u 'yar Abubakar yana cikin Bukhari da Muslim, cewa sun soke doki a zamanin Annabi (SAW) suka ci. Ga kuma hadisin Jabir na ranar Khaibar, an hana jakin gida an yi rangwame a doki. Shafi'i da Ahmad sun halatta. Su mutanen can Hanafawa ne, kuma manyan almajiran Abu Hanifa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun halatta shi. Ba a ce wa al'umma guda suna cin haram a kan mas'alar saɓani.

Alaramma_Tukur:
Ban ce suna cin haram ba, Malam. Da Sadiq nake, ba da su ba. Kowa da mazhabar da ya karanta.

Ɗan_Fagge:
Ni ko an halatta, ina tuna dawakin hawan Daushe ba zan iya haɗiya ba.

Issoufou_Damagaram:
Tunda malamai sun zo, ga tambaya mai amfani: alwala fa a wannan sanyi?

Alaramma_Tukur:
Wannan da sauƙi. Ya yi alwala cikakkiya a masauki ya sa huffi ta fata, daga nan shafa ce kawai. Kuma matafiyi ne, yana da rangwamen kasaru.

Nura_Astana:
Manyan masallatan ma duk da ruwan ɗumi a wurin alwala. Hazrat Sultan da aka buɗe a 2012, da Babban Masallacin da aka buɗe a 2022, wanda ya fi kowanne girma a Asiya ta Tsakiya. Ni har shawara nake bai wa baƙi su tsara yawonsu a kan lokutan salla, don azahar da la'asar da magariba kusa-kusa suke a wannan watan, kowacce ka samu wurin zama ka warware. La'asar ɗinsu tana ɗan yin baya da tamu, lissafin Hanafiyya ne, kada ka ce ladan ya makara.

Injiniya_Bashir:
Mun bar maganar jirgin ƙasa. Tasha biyu ce a garin, tsohuwa da kuma sabuwa mai suna Nurly Zhol da aka buɗe a 2017, kuma nesa suke da juna, a duba tikiti da kyau. Tafiyar ta haura kilomita 1,200, ta Karaganda, ta gefen tafkin Balkhash. Mai sauri, Talgo, kwana ɗaya ne a hanya, a shiga da yamma a sauka da safe. Na gargajiyan ya fi daɗewa amma ya fi arha, kuma a taragon platskart, mai gadaje a buɗe ba ƙofa, a nan ake sabo da mutane. Kowane tarago da tukunyar ruwan zafi, ka riƙe kofi da ganyen shayi. A hunturu jirgin ƙasa ya fi mota tabbas nesa ba kusa ba, don in guguwar dusar ƙanƙara ta taso rufe manyan hanyoyi ake yi.

Zainab_Ankara:
Wannan rufe hanyar ya shafi wurin da nake so in ce ya je. Akwai ƙauyen Akmol, kimanin kilomita 40 daga gari, inda sansanin ALZHIR yake. Zamanin Stalin, daga 1938, nan ake kawo matan mutanen da aka yi wa tambarin cin amanar ƙasa, laifinsu kawai aure. Mata sama da 18,000 suka ratsa ta wurin kafin a rufe shi a 1953. Su ake turawa yankan kyauro a bakin tafki don a samu abin hura wuta. Ana ba da labarin cewa mutanen ƙauye sukan jefe su da wasu fararen duwatsu, masu gadi na dariya, ashe busasshen cuku ne, kurt, suke jefa musu su ci. Wanda ya je wurin da bazara ya ga gidan tarihi ne kawai. A sanyi, kana tsaye da rigarka mai tsada kana karkarwa, lissafin daban yake.

Ɗan_Fagge:
Duk na ji, amma har yanzu ban ga abin da zai hana shi bari sai Mayu ba. Ko ya tafi Tashkent ko Bishkek, su ma manyan birane ne a yankin, sanyinsu bai kai rabin wannan ba.

Maman_Ilham:
Yaro yana da ƙuruciyarsa da lafiyarsa, ku bar shi ya gani. In dai ya ji maganar takalmi.

Sadiq_Konya:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Yawon ƙafa na janye shi, sai dai a tsohon gari kamar yadda Anti Zainab ta ce. Gobe zan fara neman takardar gayyata, in ta fito a kan lokaci zan tafi, in ba ta fito ba Ɗan Fagge ya yi nasara. Saura abu ɗaya: babbar rigar da takalmin, a nan Konya zan saya ko in bari sai na isa?

Nura_Astana:
Bari sai ka iso. Na nan don wannan sanyin aka ɗinka su, na Turkiyya yawanci ado ne. Daga filin jirgi tasi za ka shiga har ƙofar masauki, washegari mu je kasuwa tare.

Maman_Ilham:
A'a Nura, ban yarda ba. In jirgi ya sauka da tsakar dare ana 30 ƙasa da sifili, direba ya ajiye shi a bayan bene yana laluben ƙofa da kambas fa? Rigar ya bari sai can in ya ga dama, amma takalmi da safar hannu da hula daga Konya za su hau jirgi a jikinsa.

Dakta_Hauwa:
Ina bayan Hajiya a kan wannan. Nura, in da hali ka aiko masa da hoton ƙofar masaukin tun kafin ya taso.